Ƙofar Ƙarfen Alhaji Arzika

Akwai wani dattijo a garin Dakoro ana ce da shi Alhaji Arzika. Haifaffen garin ne, amma tun yana saurayi ya bi motar shanu ya tafi Abijan. Ya sami aikin kula da sito a tashar jiragen ruwa, ya zauna fiye da shekara talatin. Can ya yi aure, can ya haifi 'ya'yansa, can furfura ta same shi.

Da ya ajiye aiki sai ya ce gida zai koma ya huta. 'Ya'yan suka ce su kam Abijan ce garinsu, suka yi zamansu. Matarsa Aisata ce kaɗai ta biyo shi. Ita 'yar ƙabilar Jula ce daga garin Buwake na can ƙasar, ba ta taɓa taka ƙasar Nijar ba sai da girma ya kama ta. Hausarta ta cefane ce, wadda ta tsinta a bakin mahauta a kasuwa. Ga ta kuma da hawan jini, kullum tana kan magani.

Wato ita ce baƙuwa, shi ne ɗan gari. Amma ku bi ni a hankali ku ga wanda ya yi zaman baƙunta a cikinsu.

Gidan da Alhaji Arzika ya gina ba shi da zaure. Wannan kaɗai ya sa mutanen unguwa suka yi ta kallon juna. Katanga doguwa, an jera mata fasassun kwalabe a kai. Ƙofar waje ta ƙarfe ce mai ƙaton kwaɗo. Kowace taga an gitta mata ƙarafa. Ƙofar shiga ɗaki kuwa tun daga Abijan ya ɗoro ta a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, mai kauri ce, sakatarta ta ciki har biyu, kuma yana ji da ita kamar ɗan fari.

Ba zan ce ba shi da dalili ba. Lokacin wani rikici da aka yi a can, an fasa gidansa yana tsaye yana kallo, aka kwashe komai har tukwane. Tun daga ranar duk mai ƙwanƙwasa ƙofa ɓarawo ne a idonsa. Abin da ya manta shi ne, ba mutanen Dakoro ba ne suka yi masa.

Dattawan unguwa suka zo yi masa barka da zuwa. Ya leƙo ta 'yar kafar ƙofa, ya ce, "Bo, na gode. Amma ku riƙa yin randebu kafin ku zo. Mutum ba ya faɗo wa mutum haka kawai."

Suka tambayi juna mene ne randebu. Da aka fassara musu cewa sai an kira shi a waya an sa lokaci, suka yi dariya suka watse, don duk unguwar mutum ɗaya ya ba lambarsa. Shi ne Abarci mai kanti a bakin titi, wanda ke kai masa ruwan sanyi yana haɗawa da labarin kowa.

Maƙwabcinsa na jikin katanga sunansa Zakariya'u, manomi ne mai 'yan awaki. Tare suka yi kiwo da Arzika suna yara, a kwano ɗaya suka sha fura. Wata rana an buɗe ƙofa za a shigar da mota, akuyar Zakariya'u ta kutsa ciki. Ya yi sallama ya bi ta don kada ta yi ɓarna. Alhaji ya fito ya gan shi tsakar gida, bai tsaya jin ba'asi ba ya kira jandarma.

Aka zaunar da dattijo mai jikoki a benci ana tambayarsa abin da ya kai shi gidan mutane. An sallame shi a ranar, amma da kashedin kada a sake ganinsa a ciki. Zakariya'u ya fito idonsa jajur, ya ce a gaban jama'a, "Wallahi ƙahwata ba ta ƙara taka gidan ga."

Maza sun ɓata, amma mata ba su sa hannu a wannan shari'a ba.

Can bayan gida akwai wani ɗan wuri a kan katanga da kwalabe suka ƙare wa magini bai cike ba. Nan Aisata take hawa kujera, ta ɗaura kwano a igiya ta zura wa Rahamatu, matar Zakariya'u. Aceke, wani abincin rogo na ƙasarsu, da soyayyen kifi ya tafi, fura da nono ta dawo. In Rahamatu ta girgiza igiya, Aisata ta ja. A nan bakin katanga Aisata ta koyi gaisuwar mutuwa da ta haihuwa, a nan ta yi kukan kewar jikokinta, Rahamatu tana ba ta baki daga ɗaya gefen ba tare da ta fahimci rabin abin da take faɗi ba. Alhaji bai san ana yi ba, kuma ni dai ban ga laifinsu ba.

Ana nan sai ranar da Alhaji zai je Maraɗi ta zo. 'Yan fansho sukan je buro, wato ofis, lokaci-lokaci su nuna kansu don a tabbatar suna raye. Ya yi sammako. Ya ce wa Aisata in ta shiga ɗaki ta sa sakata duka biyu, kamar kullum. Ya fita, ya datse kwaɗon waje, ya jefa mabuɗi a aljihu.

Bazara ce, irin wadda ko jaki ke neman inuwa. Da azahar ta yi Rahamatu ta dama fura, ta ɗaura kwano, ta girgiza igiya.

Ba a ja ba.

Ta sake girgizawa, ta kira, "Yaya Aisata! Yaya!" Shiru. Ta ce ko salla take yi, ta jira. Ta dawo ta kira har muryarta ta fara dushewa. Sai ta zagaya ta ƙofar gidan, abin da ta gani ya sa gabanta ya faɗi. Ruwa ne ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe yana malala a rairayi, awakin unguwa sun taru suna sha.

Wanda ya san Dakoro a bazara ya san ba mai barin famfo a buɗe ya tafi barci. Balle Aisata, wadda ko ruwan wanke shinkafa ba ta zubarwa sai a gindin shuka.

Rahamatu ta ruga gida. Zakariya'u yana kishingiɗe a ƙarƙashin rumfa.

"Malam, tashi! Ba lahiya ba gidan Alhaji. Ruwa na zuba, na yi kira ba ta amsa ba."

Ya tashi zaune. "To mi kike so in yi?"

"Ka hau ka duba."

"In hau katangar Arzika? Ke kin manta inda anka kai ni saboda akuya? Kuma na yi rantsuwa gaban mutane."

"Ka yi azumin kaffara, ni ka dahwa maka sahur. Malam, matar ga ba ta da kowa garin ga. Uwa tai nisa, ɗiya sun yi nisa. In wani abu ya same ta muna nan zaune, mi za mu ce ma Allah?"

Zakariya'u ya dubi katangar. Tsoro yake ji, ba na faɗuwa ba, na sake zama a bencin nan ana kallonsa. Rahamatu ta jawo turmi ta kifa shi a gindin katanga, ta fara ɗaure zane a ƙugu.

"Ke tsaya!" ya ce. "Ina raye matata ba ta hawa katanga."

Ya yi bisimilla ya hau. Wurin da babu kwalabe bai kai faɗin mutum ba, wata ta tsage masa tafin hannu. Ya dira ciki. Famfo na zuba, roba ta cika ta tumbatsa, takalmin Aisata ɗaya a bakin ƙofa ɗaya can gefe. Ya kashe ruwan, ya tura ƙofar ɗaki, ya ji ta gam. Ya leƙa ta taga. Labule ya rufe komai, amma ta ƙarƙashinsa ya hango ƙafa ɗaya a kan daɓe, ba ta motsi.

Ya ɗaga murya, "Rahamatu! Kira mutane! A zo da dagi!"

Nan da nan maza suka taru. Aka ɓalle kwaɗon waje, jama'a suka shiga, aka sa dagi a jikin ƙofar Abijan aka fara ɓanɓara. Ƙofar ta ƙi ko gezau.

Abarci yana kantinsa yana hangen taro. Da ya taka ya je ya tambaya, da labarin nan bai kai haka ba. Amma shi burinsa ya riga kowa kai labari. Ya danna waya.

"Alhaji, ana hwasa gidanka! Zakariya'u na gaba, da dagi!"

Alhaji Arzika yana cikin motar haya, sun baro Maraɗi ke nan. Ranar da aka fasa gidansa a Abijan ta dawo masa sabuwa. Bai tambayi dalili ba. Bai ma tuna ya kira wayar matarsa ba. Jandarma ya kira, ya ce ɓarayi sun shiga gidansa da rana tsaka, ya faɗi sunan shugabansu.

Motar jandarma ta iso daidai lokacin da sakatar sama ta fara lanƙwasa. Shugaban jandarmomin ya ce kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Aka ajiye. Ya dubi Zakariya'u, hannu na jini, ya gane shi.

"Baba, kai ne kuma? Ba an hana ka shiga gidan nan ba?"

"An hana ni, ranka ya daɗe. Ku kama ni, amma ku bari a buɗe. Akwai mace ciki kwance."

Jandarman ya leƙa taga, ya ga ƙafar. Ya buga ƙarfe, ya kira, "Madam! Madam!" Ba amsa. Shi ma hankalinsa bai kwanta ba. Amma mai gida ya kai ƙara, kuma wanda ake ƙara yana da tsohon kashedi a kansa. Ya kira Alhaji, ya buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Alhaji, muna gidanka. Ba mu ga an ɗauki komai ba. Sun ce madam ce ba lafiya. Ka ba mu izni a buɗe."

"Ƙarya ne!" in ji Alhaji. "Lafiya lau na bar ta. In zafi ya yi a kan daɓe take kwanciya, kuma maganinta yana sa ta barci. Mutumin nan haushina yake ji tun maganar akuya. Kada wanda ya taɓa ƙofar nan."

"Mun kira ta ba ta amsa ba."

"Ni na hana ta amsa wa kowa in ba na nan. Ina hanya, ku jira ni. Kun san daga inda ƙofar nan ta zo?"

Kowa ya san nisan Maraɗi, kowa ya san motar haya sai ta tsaya a kowane ƙauye. Maza suna tsaye, dagi na ƙasa, ana kallon ƙofa. Wata tsohuwa ta fara salati a hankali. Jandarman ya sake roƙo, Alhaji ya sake ƙi, har ya fara maganar zai kai ƙara sama in aka lalata masa kaya. Rana tana ta yin gaba ana wannan ja-in-ja.

Rahamatu ba ta taɓa yi wa mai kaki magana ba a rayuwarta. Ranar sai ga ta a gabansa, ta miƙa hannu. "Ɗana, ba ni wayar ga."

Ya ba ta.

"Alhaji, Rahamatu ce, matar wanda kake kira ɓarawo. Ba ni gardama da kai. Kai ka san barcin matarka, mu ba mu sani ba. Saurara ka hwaɗa muna."

Ta zura hannunta ta tsakanin ƙarafan taga har kafaɗa, ta ture labule da wayar, ta riƙe ta can ciki. Ta juyo ta ce wa jama'a, "Ku yi shiru!"

A cikin mota Alhaji ya toshe ɗaya kunnen. Da farko bai ji komai ba. Sai ya ji. Wani irin gurnani ne mai kakari, ya ja ya tsaya, ya daɗe a tsaye, sannan ya sake ja da ƙyar. Fiye da shekara talatin yana kwana kusa da matar nan. Ya san numfashinta in ta gaji, ya san shi in tana mura. Wannan bai taɓa jin sa ba.

"Ku fasa!" ya kwarma ihu har direba ya taka birki. "Ku fasa, don Allah ku fasa! Aisata! Aisata!"

Jandarman da kansa ya ɗauki dagi. Shi da Zakariya'u da wasu samari suka haɗa ƙarfi. Ƙofar nan an yi ta ne don kada a shiga, kuma ta yi aikinta. Sai da suka haƙura da ita suka koma kan ginin da ke riƙe da ita, suka farfashe siminti, sannan ta faɗi ciki da ƙara.

Aisata na kwance a gefe, baki ya karkace, ido a rufe. Da alama jiri ne ya ɗebe ta a bakin famfo, ta lallaɓa ta shiga ɗaki, kuma duk da halin da take ciki sai da ta sa sakata biyun nan kamar yadda aka umarce ta. Rahamatu ta cire mayafinta ta rufe ta. Mata suka ɗauke ta, aka sa ta a motar jandarma, aka nufi asibiti, kanta a cinyar Rahamatu.

Zakariya'u kuwa aka ce ya biyo su buro. Ba mugunta ba ce, ƙara ce aka shigar da sunansa, kuma sai mai ita ya zo ya janye.

La'asar ta yi sanyi Alhaji ya iso asibiti, hula a hannu, takalmi duk ƙura. Likita ya ja shi gefe.

"Tana raye, mu gode wa Allah. Jini ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa. Irin wannan ciwo da lokaci ake tsere. Waɗanda suka kawo ta sun ce sun daɗe da ganin ta kafin a buɗe. Me ya tsayar da su?"

Alhaji ya tambayi ɗakin da aka kwantar da ita. Likita bai sake tambaya ba.

Ya shiga ɗakin. Aisata ta buɗe ido ɗaya sosai, ɗayan rabi. Ya durƙusa a bakin gado, ya kama hannunta na dama, ya ji shi sakwaf ba ƙarfi. Ta dube shi, ta kawar da ido tana neman wani abu a bayansa. Leɓenta ya motsa. Ya kai kunne.

"Ra... ha... matu."

Rahamatu ta matso daga jikin bango, ta zauna, ta share mata yawun da ya zubo. Alhaji ya tashi ya ba ta wuri. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ya san ba shi da bakin magana.

Daga nan ya wuce buron jandarma. A hanya ya shirya kalaman ban haƙuri, na Hausa da na Faransanci. Ya tarar da Zakariya'u a kan benci, ya naɗe hannu da ƙyallen rawani, jini ya bushe a jiki. Ko ruwa bai sha ba. Da ya ga Alhaji sai ya miƙe da sauri.

"Arzika, yaya mai jiki? Ta hwarka?"

Duk abin da Alhaji ya shirya ya gudu. Tun da ya dawo ba wanda ya kira shi da sunansa haka tsura, kamar lokacin da suke bin awaki. Ya zauna a ƙasa dirshan, babbar riga da komai, ya rufe fuska yana kuka a gaban jandarmomi. Zakariya'u ya dafa shi da hannun mai lafiya, ya ce, "Tashi, mutane na kallo. Mu tahi gidan likita."

Aisata ta rayu. Magana ta dawo a hankali, amma hannun dama da ƙafar ba su dawo ba. Ko da an buɗe da wuri za su dawo? Allah kaɗai ya sani. Alhaji dai bai taɓa samun wanda ya ce masa ba jinkirin ne ya jawo ba, kuma da wannan tambaya yake ba ta abinci a baki kullum. Wanka da canjin tufafi Rahamatu ce da matan unguwa, suna karɓa-karɓa, ba wadda aka roƙa.

Da labari ya kai Abijan, babban ɗansu Abdulhakim ya kira ta waya mai hoto. Ransa a ɓace yake. Ya ce ya kama mata ɗaki kusa da babban asibiti, a bene da ke da mai gadi, zai zo ya ɗauke ta.

"Mama, ki dawo gida. Me kike yi a ƙasar mutane?"

Alhaji yana riƙe mata wayar. Ya san in ta ce za ta tafi, ba shi da hujjar tsayar da ita.

Aisata ta kalli ɗanta. Sannan ta juya ta dubi Rahamatu da ke zaune tana matsa mata ƙafa. Ta tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya da karkataccen bakinta, da Hausa ta faɗe su don wadda ke kusa ta ji.

"Can... wa zai hau katanga... saboda ni?"

Darasi: Duk inda tsufa ya riske ka, a ƙasarku ne ko a ƙasar wasu, maƙwabcinka ne zai riga ɗanka isowa ranar da ka faɗi. Kada tsoron abin da wasu suka yi maka ya sa ka wulaƙanta waɗanda ba su yi maka komai ba, kuma kada ka yanke hukunci kafin ka tambayi dalili. Ku tura wannan labari ga 'yan uwanmu da ke zaune a ƙasashen waje da masu shirin dawowa gida, wataƙila wani ya gyara tsakaninsa da maƙwabcinsa tun yau.